Injiniya a akwatin shaida: rahoton dakin da ya lotsa

An neme ni shaidar ƙwararre a kan dakin, wato shimfiɗar kankaren bene, na wani gida mai hawa biyu da ya tsage ya lotsa. Mai gida ya kai ɗan kwangila ƙara, lauyansa ya ce in rubuta rahoto. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ne ya ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre a kan abin da ya shafi kimiyya. Amma fa ra'ayi ne kawai. Idan alƙali ya ga ya karkata, gefe zai ajiye shi.

Kafin in buɗe fayil sai da na nemi sunayen duk masu hannu a ginin: mai zane, injiniyan da ya buga hatimin COREN (hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya), ɗan kwangila, masu kawo siminti da rodi, har ɗakin gwajin da suka yi amfani da shi. Ashe injiniyan da ya kula da aikin mun taɓa yin wata kwangila tare. Na sanar da lauya a rubuce, na kuma saka a shafin farko na rahoto. Da na ɓoye, lauyan ɗaya ɓangaren ne zai tono a gaban alƙali, daga nan ba wanda zai ƙara duba lissafina. Ladan aiki ma mun yanke tun farko, an biya kafin in miƙa rahoto. Kada ka yarda da kaso daga abin da kotu za ta yanke, domin ka zama mai ƙara ke nan.

Gudumar Schmidt, na'urar gwada kankare ba tare da an fasa shi ba, ƙarfin fatar kankare kawai take nunawa, don haka na sa aka yanko samfur uku masu faɗin milimita 100 daga cikin dakin. Wakilan ɓangarorin biyu suna tsaye, kowane samfur da lambarsa da hotonsa da sa hannunsu, aka kai wani ɗakin gwaji da babu ruwansa da rigimar. Zane ya nemi kankare mai ƙarfin 25 a ma'aunin ƙarfin kankare, sakamako ya fito ƙasa da haka sosai. Da muka fasa gefen bim, wato gungumen kankaren da ke ɗauke da dakin, rodi mai milimita 12 muka tarar inda zane ya ce 16. Ido zai ga bambancin kaɗan ne, alhali faɗin bakin ƙarfen ya sauko daga murabba'in milimita 201 zuwa 113, kusan rabi.

Har nan lauya murna yake. Matsalar tana bisa rufin: mai gida ya ɗora tankunan ruwa biyu masu lita 5,000 kowanne, wato tan 10, kuma babu su a zane. Na rubuta cewa nauyin ya gaggauta lotsawar. Lauya ya kira ni ya ce, "Injiniya, wannan sakin layin ai ba a tambaye ka ba." Na ce masa zan gyara kalmar da ba ta fito fili ba, amma abin da na auna yana nan daram. Tun shari'ar Ikarian Reefer ta 1993 a Ingila aka fayyace cewa ƙwararre kotu yake yi wa aiki, kuma bai kamata ya tsallake hujjar da za ta raunana ra'ayinsa ba. Balle tankunan da ake hangowa daga titi.

Ranar zama an titsiye ni a kan ƙasar da aka yi harsashin a kanta. Na ce ba a yi gwajin ƙasa ba, kuma ba fannina ba ne. Lauyan ɗan kwangila ya juya tambayar sau uku, amsa ɗaya ya samu, sai ya koma kan tankunan, ya tarar suna shafi na shida da lissafin nauyinsu.