Zaɓe a Zanzibar: ƙuri'a biyar da takardar sheha

Zanzibar tsibirai ne, Unguja da Pemba, da suka haɗe da Tanganyika a 1964 aka samu Tanzaniya, amma suka riƙe shugabansu da majalisar wakilansu. Saboda haka ranar zaɓe mutumin tsibirin ƙuri'a biyar yake jefawa. Biyu na tarayya ne: shugaban Tanzaniya da ɗan majalisar da zai tafi Dodoma, babban birnin ƙasar. Sauran ukun na gida ne, wato shugaban Zanzibar, wakilin mazaɓa da kansila, kuma hukumar zaɓen Zanzibar, ZEC, ke gudanar da su. A nan Kano da Jigawa hukumar zaɓe ta jiha ciyaman da kansila kawai take taɓawa, gwamna na INEC ne. Can kuwa har kujerar shugaba a hannun hukumar gida take.

Mazaɓu 50 aka yi takara a kansu a 2020, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci. Daga baya a ƙara kujerun mata bisa ƙarfin kowace jam'iyya, shugaba ya naɗa wasu da ba su wuce 10 ba, majalisar kuma ta tura 5 daga cikinta Dodoma. Wa'adin shugaba shekara 5 ne, sau biyu.

Rigimar tun wajen rajista take farawa. Kafin a sa sunanka a kundin masu zaɓen gida sai kana da katin shaidar zama ɗan Zanzibar, kuma ka shekara 3 a mazaɓar. Mai tabbatar da zamanka shi ne sheha, kamar dai mai unguwa a wajenmu, sai dai shi gwamnati ke naɗa shi. In ya ce bai san ka ba, magana ta ƙare, ko da a gidan aka yanke maka cibiya. 'Yan adawa, musamman na Pemba, sun daɗe suna kuka da wannan, domin a baya tazarar ƙuri'u ta sha zama siririya: a 1995 Salmin Amour na jam'iyya mai mulki, CCM, ya samu kashi 50.2, Maalim Seif Sharif Hamad na jam'iyyar adawa, CUF, ya samu 49.8.

Don a rage zafin ne aka yi ƙuri'ar raba gardama a 2010, aka kafa gwamnatin haɗin kai: jam'iyyar da ta zo ta biyu, in ta kai kashi 10, ita ke ba da mataimakin shugaba na farko. Dabara ce mai kyau, amma ba ta taɓa ikon ZEC ba. A 2015 shugaban hukumar, Jecha Salim Jecha, ya soke zaɓen ana tsaka da tattara sakamako, CUF ta ƙaurace wa wanda aka sake a Maris 2016. Kuma da zarar ZEC ta bayyana wanda ya ci shugabanci, babu kotun da ke da hurumin sake duba maganar.