Asabar a gareji da Fijon Abba

Ƙarfe goma na dare ta gota. Na wanke hannu da kananzir, na bi da sabulu har sau biyu, amma baƙin giris yana nan a ƙarƙashin farce. Zan rubuta yinin nan kafin barci ya ɗauke ni, don wata bakwai na yi ina tara kuɗi da kaya saboda shi.

Bakwai saura na fitar da motar. Hazo ya rufe gari, sai da na ja cok na buga ta sau uku kafin ta kama. Fijo 504 ce wagon, fara, ta 1982, mai injin 1971 cc. A nan Kakuri aka harhaɗa ta, a kamfanin PAN da ya soma fitar da motoci a 1975, Abba kuma ya saye ta da bashin mota lokacin yana koyarwa. Bayan rasuwarsa ta shekara shida a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Bara na tada injin, kuma lafiyarsa lau. Saura ƙafafu, da birki, da salansa. A giya ta biyu na tafi har gareji, hannuna na dama a kan birkin hannu, don na ƙafa sai an buga shi sau biyu yake kamawa.

Na tarar Kawu ya riga ni, yana shan kokonsa a bakin rumfa. Ba dangina ba ne, haka kowa ke kiransa a layin. Dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a wajen harhaɗa irin waɗannan motoci, kuma har yau ba ya yarda a taɓa Fijo da guduma sai an gwada sifana. Muka gaisa, ya tambayi Inna da jiki. Ya ajiye kofi, ya dafa gaban motar da hannu biyu ya danna ya saki. Ta yi ta lilo har sau huɗu kafin ta tsaya.

"Ka gani, ɗana? Lafiyayyen shokozoba sau ɗaya yake dawowa ya tsaya. Wannan sifirin kaɗai ke riƙe da ita."

Yaran suka ɗaga ta a jak, suka tokare ta da ƙarafa a kusurwa huɗu, aka cire tayoyi. A gaba, sifirin da shokozoba a haɗe suke a ƙafa ɗaya, tsarin da ake kira MacPherson, kuma sifirin a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Wani yaro ya ɗauko igiya zai ɗaure shi kamar yadda ake yi a wasu wurare, Kawu ya daka masa tsawa ya sa aka kawo ƙarfen matsewa. Da aka buɗe, man ciki duk ya tsiyaye, sandar ta yi zane-zane. Kawu ya ce a wancan zamani Fijo da kanta take ƙera shokozobarta, kuma an yi ta ne yadda za a buɗe a sake mai a rufe, amma tamu ta wuce nan. Muka zura sabuwa mai gas a cikin gidan tsohuwar.

Bushin kuwa, wato robobin da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota, wani can baya ya yanko su daga tsohuwar taya ya cusa. Su ne ke ƙwanƙwasa duk lokacin da na faɗa rami. Na sa na roba na asali, ban sa masu taurin nan da samari ke so ba, don a kan gargada duk wata girgiza a ƙugunka za ta ƙare.

A baya wagon tana da sifirin huɗu, biyu kowane gefe, a kan aksil guda. Ɗaya na hagu ya karye daga ƙasa, tsatsa ta cinye bakin karayar, alamar ya daɗe a haka. Shi ya sa take karkata. Na riƙe guntun a hannu na daɗe ina kallo. Wannan ƙarfen ne ya ɗauke mu mu tara zuwa Zariya kowace Sallah, da ragon layya a but, da buhun masara a dawowa. Na sa shi a aljihu, yana nan kan tebur yanzu.

Wajen sha ɗaya ƙanina ya iso a babur, kuma da shigowarsa ya tada maganar da muka kwana biyu muna yi.

"Yaya, tunda an riga an kwance, a yanke sifirin zagaye ɗaya mana, ta ɗan zauna ƙasa. A sa mata wili mai faɗi. Wallahi sai an riƙa juyowa ana kallonta."

Na san da zuciya ɗaya yake faɗa, shi ma son motar yake. Amma ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Tsawon ƙafar 504 shi ne darajarta. Shi ya sa ta shiga ƙauyukan da babu kwalta ta fito, shi ya sa direban tsere Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1975, shi ya sa aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Ka yanke mata ƙafa, damina ɗaya a lungunmu ta isa ta fasa tukunyar baƙin mai. Kawu bai ce komai ba sai da muka gama. Sannan ya kama hannun ƙanina ya kai shi ƙarƙashin motar, ya nuna masa tazarar da ke tsakanin ƙasa da cikin injin, ya ce ya auna da tafin hannunsa ya je ya auna tudun kwalbatin ƙofar gidanmu. Maganar ta mutu a nan. Ya cire riga ya kama aiki tare da mu.

Birki ne ya cinye yinin, kuma shi ne ya kawo ni. Faifan gaba sun sirance, sun yi baki a gefe har farce na maƙalewa. Kalifa ta dama, wato ƙarfen da ke matse faifan idan an taka birki, fistin ɗinta ya kafe da tsatsa, sai da aka hura shi da iska ya fito, ma'ana tun tuni taya ɗaya ce ke tsayar da gaban motar. A baya dram ne, kuma da aka zare na hagu sai ga layinin jiƙe sharkaf da mai, silindar tana yoyo. Man da muka tsiyaye baƙi ne kamar shayin da aka manta a wuta. Kawu ya shinshina ya ce an taɓa haɗa shi da ruwan sabulu, dabarar direbobin da birki ya ƙare musu a daji. Ba banza ba mutane suka sa wa irin waɗannan motoci na haya laƙabin "shiga da alwalarka". Gudu akwai, tsayawa sai addu'a.

Nan ne raina ya ɓaci. Na fito da kwalin fad ɗin da na saya wata biyu da suka wuce, wato abin da ke goga faifan birki, da tambari da komai, mai shagon har rantsuwa ya yi mini. Kawu ya goga gefen ɗaya da sukurudireba sai ya soma zuba kamar busasshen ƙuli. Jabu ne. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Mutum ya san abin da yake sayarwa shi ke tsakanin iyali da rami, ya miƙo maka yana murmushi. Araha ba ta ado, na sani, amma wannan ko arahar ma bai yi ba. Ƙanina ya hau babur da tsohon fad a aljihu, ya je wurin wani da Kawu ya amince da shi, bai dawo ba sai bayan azahar.

Kafin ya dawo muka canza tiyo. Na roba idan ya tsufa yakan kumbura duk lokacin da aka taka, ƙarfin da ya kamata ya isa taya sai ya tsaya a cikinsa, feda ta yi laushi. Na sa masu saƙar ƙarfe a jiki, su ne kaɗai abin da na yi oda daga waje. Sai Kawu ya gano wani abu da ban san da shi ba. Akwai ɗan bawul a baya da ke rage wa tayoyin baya ƙarfin birki idan motar ba kaya, don kada su ƙulle ta juya da kai. Wani ya cire shi ya haɗa bututun kai tsaye. Kawu ya shiga ɗakin ajiyarsa ya daɗe yana bincike a wata tsohuwar akwati, ya fito da irinsa a naɗe cikin tsumma. Ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya ce Abba ya koyar da ɗansa na fari.

Man birki irin DOT 4 na zuba. Sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma yana shan danshin iska a hankali, kuma idan ya sha sai ya soma tafasa tun wajen 155. Ya tafasa, kumfa ta shiga, ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. Ina da niyyar kai yara Jos a hutun nan, kuma duk wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo da mota cike ya san yadda birki ke zafi a wurin.

Ni na zauna a kujerar direba wajen fitar da iska. Aka fara da tayar da ta fi nisa da masta, wato famfon da ke tura man birki idan an taka feda. Kawu yana ƙasa yana kira: "Taka. Taka. Riƙe!" Sai in ji feda ta sulale ƙarƙashin ƙafata, ya ɗaure, ya ce "Saki." Ta cikin tiyon leda da aka zura a kwalba ƙanina ke kallon kumfa yana ba da labari, manya, ƙanana, sannan mai zalla. Mun zagaya tayoyi huɗu sau biyu. A zagaye na biyu na taka sai na ji ta tsaya cak a sama, da tauri kamar na taka dutse. Tun ina yaro nake jin Abba na cewa birkin Fijo ba ya son a roƙe shi. Yau na gane abin da yake nufi.

La'asar ta yi muka koma kan salansa. Wannan ma ba don ado ba ne. Watan jiya na ɗauki 'yata zagaye a kujerar baya, muka dawo tana kukan ciwon kai da tashin zuciya. Da aka sauke bututun sai ga huda uku, ɗaya daidai ƙarƙashin inda ta zauna, an taɓa naɗe ta da gwangwanin madara da waya. Iskar kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin mota, ba ta da wari ba ta da launi, kuma wagon tana zuƙo hayaƙi ta ƙofar baya idan robarta ta mutu. Jikina ya yi sanyi. Robar ƙofar ma na sa an canza nan take.

Wajen kwance bututun daga manifol ƙusa ɗaya ta karye a ciki, saura ɗan guntu a waje. Aka kira mai walda na maƙwabta. Ya ɗora noti a kan guntun, ya cika tsakiyarsa da wuta har ya yi ja, ya ɗiga baƙin mai, ya ce kowa ya bar shi ya huce. Muka tsaya shiru kusan minti goma. Ya sa sifana, ya ɗan juya gaba, ya dawo baya, gaba, baya, sai ta yi ƙara ta saki. Yaran suka yi kabbara.

Sabon bututun na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, faɗinsa kusan ɗaya da na asali, da tukwanensa biyu. Ƙanina ya so a bar tukunya ɗaya ta riƙa ruri. Na ce Inna na sallar dare, maƙwabta na da jarirai, kuma injin kafireta irin wannan ba abin da zai ƙaru da shi sai hayaniya. Aka sa sabon gasket da robobin rataya. Na tada ta, Kawu ya toshe bakin bututun da tsumma, injin ya shaƙe yana neman mutuwa, ba inda ya yi huci. Ya gyaɗa kai.

Daf da magariba muka fita gwaji, Kawu a gefena. Muka hau baifas ɗin yamma, ya ce in kai kilomita hamsin in taka a hankali, in sake, in kuma, kamar sau goma, don fad ya zauna a kan faifai, kuma kada in tsaya cak da zafinsu. Daga nan ya ce in taka da gaske. Ta durƙusa kaɗan ta tsaya a miƙe, sitiyari bai ko motsa a hannuna ba. A dawowa na bi ta wani lungu mai ramuka da gangan. Ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya ba ƙwanƙwasa. Sitiyarin ya ɗan karkata dama, sai Litinin a kai ta a daidaita tayoyi, kuma birkin hannu na son a ƙara masa ɗauri.

Da na shigo layinmu ban yi hon ba. Ina kashe ta sai ga Inna a bakin zaure da carbi a hannu. Ta ce daga ɗaki ta ji ƙarar, gabanta ya faɗi, don haka take kuka lokacin da Malam ke dawowa daga makaranta. Ta zagaya ta shafa bonet, ta sa mini albarka, ta ce gobe in kai ta gidan ƙanwarta a Kawo.

Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin kowace taya kafin in shigo. Da asuba zan duba ko akwai ɗigon mai.