Waya ɗaya ce ta tsinke, ni kuwa na sayi giyabos

Har yau idan na tuna ranar da na tsaya ina kallo aka ɗora giyabos ɗin motata a bayan A Daidaita Sahu aka tafi da shi, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Lafiyarsa ƙalau. Ban san haka ba sai bayan kwana goma sha ɗaya, a lokacin kuwa ya riga ya shige kasuwa, babu mai iya ce min ga inda yake.

Motar Honda Accord ce ƙirar 2005, wadda dillalai ke kira EOD, mai silinda huɗu da giya biyar otomatik. 'Yar Amurka ce, ta Kwatano ta shigo, kuma shekara shida tana hannuna ba ta taɓa kwanar da ni a hanya ba. Abin ya fara ne wata ranar Asabar ina dawowa Kano daga Zariya. Na rage gudu a Kwanar Dangora, da na sake taka totur sai na ji ta yi jinkiri wajen barin giya ta biyu, injin ya ɗan yi kuka, sannan ta faɗa ta uku da duka, kamar an bangaje mu ta baya. Ina duba dashbod na ga harafin D yana ƙyaftawa. Na gangara gefen titi na kashe ta, na sake tayarwa, wutar ta ɗauke, muka iso gida lafiya. Washegari da safe shiru. Da rana ta take, na shiga cunkoso motar ta ɗauki zafi, sai ga dukan ya dawo, D ɗin ma ya dawo.

Ƙyaftawar nan ta D magana ce motar take yi. A irin waɗannan Honda, ma'anarta kwamfutar mota ta ga matsala a ɓangaren giya kuma ta ajiye lambar matsalar, tana jiran a zo a karanta. Akwai soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari don wannan aikin kaɗai, kuma tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da shi. Na san da soket ɗin. Na sha ganin ana jona motocin mutane a kwamfuta. Amma ban kai tawa ba, na wuce kai tsaye garejin da na saba.

Bakanikena dattijo ne, kuma ba zan ci amanarsa ba: a kan ƙafar mota da birki da injin ban ga kamarsa ba. Da kunne yake aiki. Muka zaga da motar, ta yi dukan a gabansa, ya gyaɗa kai ya ce, "Alhaji, mai ne ya yi ƙasa." Ya zaro gejin man giya injin na aiki, ya duba, ya aiki yaro ya sayo jan mai lita ɗaya aka ɗura. Kuskure biyu ke nan a cikin minti biyar, ina tsaye. Yawancin motoci, irin su Toyota, injin na aiki ake auna man giyarsu. Honda kuwa sai an bari ta yi zafi a wuri mai daidai, a kashe injin, sannan a zaro gejin mai kan rawaya cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sannan jan man da yaron ya kawo Dexron ne. Launi ɗaya ne da na Honda, shi ya sa a garejinmu duk sunansu ɗaya, jan mai. Amma abin da kamfanin ya rubuta wa motar nan ATF-Z1 ne, wanda daga baya aka maye gurbinsa da DW-1. Santsinsu ba ɗaya ba ne, kuma kulocin da ke cikin giyar da nasa man aka tsara shi. Bayan ƙarin nan sai motar ta ƙaro wata sabuwar ɗabi'a, canjin giyar duka ya yi tauri, har wanda da yake tafiya sumul.

Da na koma, sai hukunci ya sauya. "Alhaji, giyar nan ta tafi. Ka san halin Honda. Kada ka ɓata kuɗinka wajen buɗewa, a nemo Beljiyam kawai." Maganar ta shige ni, domin kowa ya san ana yi wa Honda na shekarun nan tsegumi a kan giya. Abin da ban tsaya na tantance ba shi ne, masu silinda shida ne suka fi yin ƙaurin suna, tawa kuwa mai huɗu ce. Ga kuma bikin ƙanwar maiɗakina saura mako biyu, motar ake jira. Na sayar da raguna biyu da nake kiwo, na haɗa da abin da ke hannuna, aka kawo giyabos ɗin Beljiyam, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi a ƙasar waje. Mai kayan ya ce zai rage min wani abu idan na bar masa tsohon. Na amince nan take, har ina ganin na yi dabara.

Abin da ya fi ci min rai shi ne shaidun duk suna gabana ranar da aka sauke shi. Na ga man da aka tsiyaye, ja ne, bai yi baƙi ba, ba ya ƙaurin ƙuna. Na ga kusar tsiyaye man, wadda ke da maganaɗisu a bakinta, ɗan laushin toka ne kawai a jiki, babu ɓarɓashin ƙarfe ko ɗaya. Giyar da kulocinta ya ƙone ba ta ɓoye kanta, hanci ma ya isa ya gaya maka. Kuma ribas na shiga, giya ta ɗaya da ta huɗu da ta biyar duk suna shiga, da safe ma babu abin da take yi. Ƙarfen da ya cinye ba ya warkewa da asuba ya dawo da azahar. Na ga duk wannan, amma kuɗi sun riga sun fita, sai na kawar da kai.

Kwana uku motar na tafiya lafiya, har na yi wa dattijon kyauta. A rana ta huɗu, a kan titin Zoo Road da yamma, ta yi dukan nan dai, a daidai wurin nan dai, tsakanin ta biyu da ta uku. D ya kama ƙyaftawa. Na yi fakin na daɗe riƙe da sitiyari ban ce komai ba.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani matashi mai gyaran wayarin mota. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Bai ko buɗe bonet ba, ya tsuguna ya jona na'urarsa, ya juyo min da fuskarta: P0848. Ya ce, "Baba, wannan lambar cewa take yi kwamfuta ba ta jin saƙon makunnin matsin mai na giya ta uku. Ko makunnin ya mutu, ko wayarsa ta katse." Ya yi min bayani yadda na gane. Akwai wani ɗan makunni da ake ɗaurawa a jikin giyabos daga waje, bai wuce babban yatsa ba. Idan mai ya cika kulocin giya ta uku, shi ne yake sanar da kwamfuta, ita kuma ta san lokacin da za ta saki ta biyu. Idan saƙon bai zo ba, sai ta yi canjin a makance, shi ne dukan da nake ji. Sai ya tambaye ni, "Da aka canza giyar, an canza wayarin?" Na ce a'a. Ya ce to ai sabon giyabos da nasa makunnin ya zo, tunda ciwon bai tafi ba, yana jikin abin da aka bari a motar.

Ya bi wayar da mitarsa, yana lanƙwasa ta kaɗan kaɗan. Kamar taƙi ɗaya daga soket ɗin makunnin, allurar mitar ta ɗauke. Ya fere robar, sai ga zaren tagullar ya tsinke a ciki, bakin biyu suna taɓa juna kawai. Da sanyi suna haɗuwa, idan zafi ya sassauta robar injin kuma na girgiza sai su rabu. Ya yanke wurin, ya yi masa dalma, ya rufe. Aikin bai kai minti arba'in ba, kuɗin da ya karɓa kuma bai kai na man da na sha a zirga-zirgar gareji ba.

Na tambaye shi kwana ukun da ta yi lafiya fa? Ya ce wajen sauke giya an cire batir, lambar ta goge, kuma an motsa wayar ta ɗan zauna daidai kafin ta sake buɗewa. Wannan ya sa yanzu ba na yarda kowa ya cire kan batir don wuta ta ɗauke a dashbod. Masu yin haka suna ganin gyara suka yi, alhali takardar da likita zai karanta suka yaga. A fara karanta lambar, a rubuta ta a takarda ko a ɗauke ta a waya, sannan a taɓa sifana. Kuma lambar ma ba ta ce a sayi kaya ba, hanya take nunawa. Da matashin nan irin masu gaggawa ne, da ya sa ni sayen makunni, a ɗaura, ciwon na nan.

Saura batun mai. Na sa aka tsiyaye abin da aka zuba wa giyar Beljiyam ɗin, wanda shi ma jan man kasuwa ne. Tsiyaya ɗaya kusan lita 3 take fitarwa, ƙasa da rabin abin da ke ciki, sauran yana maƙale. Don haka sau uku aka yi, ana zuba DW-1, in yi 'yar tafiya giyoyin duk su shiga, a sake tsiyayewa. Wani ya ba ni shawarar a jona injin wanke giya a tura man da ƙarfi a gama lokaci ɗaya, na ƙi, domin ban san irin dattin da ke kwance a cikin wannan giyar ba balle in tayar da shi. Samun man na gaskiya ma sai da na yi da gaske, saboda jabu ya yi yawa, ga kuma tsada. Duk da haka kuɗin man duka bai kama ƙafar kuɗin rago ɗaya ba.

Motar yanzu tana canza giya lafiya, wata bakwai ke nan D bai ƙyafta ba. Amma raina bai kwanta da giyar da ke cikinta ba. Tawa ta asali na san tarihinta, na san ranar da aka canza mata mai, na san ban taɓa jan wata mota da ita ba. Wannan kuwa ban san kilomita nawa ta ci a ƙasar da ta fito ba, kuma da sanyin safiya takan ɗan yi jinkiri kafin ta kama ribas, abin da tawa ba ta taɓa yi ba. Na koma wajen mai kayan bayan sati biyu ko zan fanshi tsohon. Ya duba cikin shagon, ya ce wani mai tasi ya saya tun washegarin ranar, kuma bai dawo da ƙorafi ba.