Facin da ke Yaye Mayafi: Wa ke Tace Wasannin Bidiyo na Manya?

Duk wanda ya saba leƙa shagunan intanet da ake sayar da wasannin kwamfuta zai iya cin karo da wata 'yar sanarwa da wasu kamfanoni kan rubuta game da wasansu, cewa wannan kwafin an rage masa wasu sassa, amma wanda ya cika shekara 18 yana iya zuwa shafin kamfanin ya sauke wani ƙaramin fayil da zai mayar da abin da aka cire. Masu harkar suna kiran wannan fayil faci, sai dai aikinsa kishiyar facin da muka sani ne, domin wancan rufe ɓaraka yake yi, wannan kuwa buɗewa yake yi. Ba na cikin masu sha'awar irin waɗannan wasanni, kuma ba zan ɓoye cewa da yawansu ba su da wani abin yabo a idona ba, amma na daɗe ina bibiyar gardamar da ake yi a kansu saboda tana nuna wani rauni da ke cikin dokokin batsa kusan ko'ina, wato yadda hukumomi suka fi damuwa da abin da ido ke gani a kan allo fiye da abin da wasan ke sa ɗan wasa ya aikata, da kuma wanda ke zaune a gaban allon.

Mafi yawan waɗannan wasanni, musamman na labari mai zane, daga Japan suka samo asali, kuma a can ne mayafin ya fi tsufa. Sashe na 175 na kundin dokokin manyan laifuka na ƙasar, wanda aka kafa tun 1907, ya haramta rarrabawa ko sayar da kayan batsa, tare da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tarar da za ta iya kai yen miliyan 2.5. Dokar ba ta fayyace mece ce batsa ba, sai a 1957 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar fassarar wani littafin adabin Ingila, ta ce batsa ita ce abin da ke tayar da sha'awa ba gaira ba dalili, ya keta kunyar mutum mai hankali, ya kuma saɓa wa kyawawan ɗabi'u. Babu inda aka ambaci rufe al'aura da ƙananan murabba'ai masu sa hoto ya yi dishi-dishi, abin da ake kira mozayik. Masana'antar ce da kanta ta gano cewa muddin an rufe wannan ɗan wuri, 'yan sanda ba su cika ɗaga ido ba, sai abin ya zama al'adar da ke da ƙarfin doka ba tare da an rubuta ta a cikin doka ba. A ɓangaren wasanni, bayan wani ɗalibin ƙaramar sakandare ya saci wasan manya a Kyoto a 1991, har binciken ya kai ga kama shugabannin kamfani, masu yin manhajoji suka kafa ƙungiyar tace kansu a 1992, wadda aka fi sani da EOCS, kuma har yau tana cikin masu duba mozayik kafin wasa ya shiga kasuwa.

Abin lura a nan shi ne, sau da yawa mai zane yana zana hoton cikakke ne, daga baya a ɗora masa mozayik a matsayin matakin ƙarshe. Don haka idan wani kamfanin Amurka ya sayi izinin fassara wasan, yana iya karɓar zanen na asali ya fitar da shi yadda yake, domin ma'aunin batsa da Kotun Ƙolin Amurka ta kafa a 1973 bai rataya a kan ganin wani sashe na jiki kaɗai ba. Hoto ɗaya ke nan, daga hannun mutum ɗaya, laifi ne a ƙasar da aka zana shi, halal ne a idon doka a wata ƙasar. A cikin Japan kuwa cire mozayik ba wasa ba ne: a 2021 'yan sandan Kyoto sun kama wani mutum da ke amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira yana ƙoƙarin maido da abin da aka rufe a bidiyo yana sayarwa.

Wannan tsari ne ya fi sa ni tuna karin maganar nan ta an bar jaki ana dukan taiki. A 2006 an fitar da wani wasa a Japan wanda jigonsa kacokan shi ne ɗan wasa ya riƙa bin wasu mata yana yi musu fyaɗe, kuma an sayar da shi ga manya bisa ƙa'ida, da mozayik ɗinsa a inda ake buƙata. Sai a 2009, bayan an gan shi a shafin Amazon kuma maganarsa ta kai majalisar dokokin Birtaniya, sannan ƙungiyar tacewar ta taƙaita yin irinsa. Mozayik ya rufe wuri mai faɗin tafin hannu, ya bar duk abin da ya sa wasan ya zama abin ƙyama a fili. Wasan bidiyo kuma ba kamar fim ba ne da mutum zai zauna yana kallo, domin a wasa hannun mutum ne ke danna maɓallin, shi ke zaɓa, shi ake ba lada idan ya yi abin da aka tsara. Hukumar da ke auna girman murabba'ai ba ta taɓa wannan tambaya ba ko kaɗan.

A Amurka tacewar ta bi wata hanya dabam, ta hannun 'yan kasuwa. Bayan zaman da majalisar dattawa ta yi a 1993 a kan zubar da jini da rashin ɗa'a a wasanni, masana'antar ta kafa hukumar ESRB a 1994 don ta riƙa liƙa wa wasanni alamar shekaru. Alamar AO, ta manya zalla, ba haramci ba ce a doka, amma kamfanonin Sony da Microsoft da Nintendo ba sa yarda wasa mai ita ya hau na'urorinsu, manyan kantuna kuma ba sa ajiye shi, don haka samun ta tamkar hukuncin kisa ne ga wasan da aka kashe wa kuɗi. Wannan ne ya sa rikicin 2005 ya yi zafi. Kamfanin Rockstar ya tsara wani sashe na jima'i a cikin wasansa Grand Theft Auto: San Andreas, ya fasa amfani da shi, amma maimakon ya goge shi sai ya kulle shi ya bar shi a kan faifai. Wani mai gyaran wasanni ɗan ƙasar Holan ya fitar da facin da ke buɗe kullen, wanda ya yi suna da Hot Coffee. Da farko kamfanin ya ɗora laifin a kan masu kutse, amma da aka tarar da sashen har a kwafin na'urar PlayStation 2, ƙaryar ta ƙare. A watan Yulin shekarar ESRB ta sauya alamar wasan daga M, ta 'yan shekara 17 zuwa sama, zuwa AO, kantuna suka kwashe shi, Ostireliya ta janye masa izini gaba ɗaya domin a lokacin ba ta da rukunin manya na wasanni (sai a 2013 ta samar da shi), kuma a 2006 hukumar kare masu saye ta tarayyar Amurka ta ɗaure kamfanin da yarjejeniyar bayyana gaskiyar abin da ke cikin wasanninsa.

Darasin da aka ɗauka shi ne cewa duk abin da ke kan faifai, ko a kulle yake, dole a nuna wa masu tacewa. Masu yin wasannin manya kuwa suka ɗauki wani darasin na daban: kada a ajiye abin a kan faifai, a ajiye shi a wani shafin.

Haka aka yi shekaru ana yi a Steam, shagon kamfanin Valve da ya mamaye kasuwar wasannin kwamfuta, ana sayar da tsabtataccen kwafi a ciki, faci yana jira a waje, kowa ya sani kuma kowa ya kawar da kai. A watan Yunin 2018 Valve ya sanar da cewa zai bar komai ya shiga in ban da abin da ya saɓa wa doka ko wanda aka yi don tsokana kawai, kuma kafin ƙarshen shekarar wasannin da ba a rage musu komai ba suka fara bayyana a wani sashe da sai mai asusu ya buɗe shi da kansa. A ganina wannan ya fi gaskiya a kan tsarin faci, domin aƙalla an rubuta wa kayan sunansa na ainihi a jikinsa. Inda aka yi sakaci shi ne ƙofar, wadda ba ta wuce tambayar ranar haihuwa ba, tambayar da ba a taɓa jin yaron da ta gagara ba. Jamus, wadda dokarta ta sharɗanta sai an tabbatar da shekarun mutum da gaske kafin a nuna masa batsa a intanet, ba ta lamunta ba, kuma a ƙarshen 2020 aka toshe wannan sashe ga mazauna ƙasar.

Sannan sai ga wani alƙali da ba wanda ya naɗa shi. A watan Yulin 2025, bayan wata ƙungiyar Ostireliya mai suna Collective Shout ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanonin biyan kuɗi irin su Visa da Mastercard da PayPal a kan wasannin da ke nuna fyaɗe da lalata tsakanin 'yan'uwa na jini, Valve ya ƙara sharaɗin da ke hana duk abin da zai iya saɓa wa ƙa'idojin bankuna da kamfanonin kati, ya kuma cire wasanni da dama. Shagon itch.io, mafakar ƙananan masu yin wasanni, ya ɓoye duk wani abu mai alamar manya daga bincike cikin dare ɗaya, aka yi wa kowa kuɗin goro, har da waɗanda suka liƙa alamar don kawai labarinsu ya taɓo cin zarafi ko raɗaɗin da ke biyo bayansa. Mastercard ya fito ya ce bai tantance wani wasa ba kuma bai nemi a hana komai ba. Valve ya amsa cewa lallai ba kai tsaye aka yi magana da shi ba, ta bakin masu sarrafa kuɗi da bankuna saƙon ya iso, kuma sun kafa hujja da wata ƙa'idar Mastercard da ta haramta cinikin da zai iya zubar da mutuncin sunan kamfanin.

Ba zan yi kukan rashin wasannin fyaɗe ba, kuma na yarda cewa masu ƙorafin sun dubi jakin ne a wannan karon, ba taikin ba. Amma hanyar tana damuna matuƙa. Doka, komai munin ta, a rubuce take, an san wanda ya yi ta, ana iya ƙalubalantar ta a kotu, kamar yadda aka yi a 2011 lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasannin zubar da jini, ta kuma tabbatar da cewa wasan bidiyo yana da kariyar faɗin albarkacin baki kamar littafi da fim. Zubar da mutuncin sunan kamfani kuwa ba ma'auni ba ne da mai yin wasa zai iya auna aikinsa da shi tun kafin ya fara, kuma idan an yanke masa hukunci babu teburin da zai je ya ɗaukaka ƙara, tunda kowane ɓangare yana cewa ba shi ya yanke ba. Wanda ya ji daɗin sakamakon yau ya kamata ya tuna cewa kamfanin da ya sunkuya wa wannan matsin lamba zai sunkuya wa na gobe, ko daga wa ya fito.

Akwai wurare biyu da nake ganin maganar 'yancin mai saye ba ta da gurbi ko kaɗan. Na farko shi ne facin da wani ya ƙera don tuɓe wani mutumin cikin wasa da aka gina da fuska da siffar mutum mai rai, domin a nan akwai wanda aka zalunta da sunansa da danginsa, kuma bai ba da izini ba. Na biyu shi ne zanen da ke da kamannin yara. Birtaniya ta haramta mallakar irin wannan zane a Ingila da Wales da Arewacin Ireland a dokarta ta 2009, Japan kuwa da ta haramta mallakar hotunan batsa na yara a 2014 ta bar zane a waje, don haka fayil ɗin da aka sauke cikin daƙiƙa daga wata ƙasa yana iya zama laifin ɗauri a ƙasar wanda ya sauke shi, ko da an rubuta a farkon wasan cewa duk waɗanda ke ciki sun haura shekara 18.

Yanzu iska ta juya wajen tsaron ƙofa. A watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta amince da dokar jihar Texas ta tabbatar da shekaru a shafukan batsa, kuma daga 25 ga Yuli Birtaniya ta fara tilasta hakan a ƙarƙashin dokarta ta 2023, da tarar da za ta iya kai fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya, abin da ya sa Steam ya fara neman katin bashi daga mazauna ƙasar kafin ya buɗe musu sashen manya. Ina ganin wannan ya fi kusa da ainihin matsalar, duk da haɗarin da ke cikin miƙa bayanan mutum ga kamfanonin da ba a san yadda za su adana su ba. Sai dai faci ya riga ya san hanyar kewaye wannan ƙofa. Tsabtataccen kwafi ba lallai ne ya faɗa sashen manya ba, don haka yana iya wucewa ba tare da an nemi kati ba, uban da ya duba bayanin wasan kuma zai ga abin da ba ya tayar da hankali, alhali rabin wasan yana ajiye a wani shafi, kuma kamfanin da kansa ne ya ajiye shi. Da ni ake tambaya, da na ce duk facin da mai wasa ya fitar da hannunsa a lissafa shi cikin wasan, a rubuta shi a bayanin da mai saye ke karantawa, a kuma sayar da tsabtataccen kwafin a bayan ƙofar da ake sayar da cikakken.