Kafin Ku Ɗauki Lauya Kan Sakacin Asibiti

Ƙannena, idan Allah ya jarrabe ku da rasuwar ɗan'uwa ko nakasarsa a asibiti, kuma kuna da dalilin zargin sakaci, ku sani cewa doka ba ta jiran a share makoki. Dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ƙayyade wata 3 kacal domin shigar da ƙara a kan jami'i bisa abin da ya aikata a bakin aiki, kuma da ita lauyoyin asibitocin gwamnati suke fara kare kansu. Takaba kuwa wata 4 ce da kwana 10. Da yayanmu ya rasu bayan tiyata, dattawan gida suka ce a bari matarsa ta fita takaba tukuna, ni ma na goyi bayan haka, sai da lauya ya lissafa mana kwanaki muka fahimci cewa lokaci ya riga ya ƙure mana.

Lauyan ma ba mu zaɓe shi da ilimi ba, domin wanda ya taɓa tsaya mana a shari'ar gona muka je wa a Sabon Gari. Mutumin kirki ne, amma shari'ar fili daban, ta likita daban. Wanda ya san wannan aiki, tun kafin ku gama ba shi labari zai tambaye ku katin asibiti, sakamakon gwaje-gwaje, rasit ɗin magunguna, da takardar amincewa da tiyata, sannan ya tambayi wanda ya sa mata hannu da abin da aka bayyana masa kafin ya sa. Zai kuma rubuta wa asibitin takarda yana neman kwafin fayil ɗin majinyaci. Mu kuwa rasit ɗinmu a leda muka tara su cikin aljihun babur, har rubutun wasu ya goge.

Ku tambaye shi kai tsaye: wane likita ne zai tsaya mana shaida? Alƙali ba likita ba ne, kuma mutuwar majinyaci ita kaɗai ba hujja ba ce. Sai wani ƙwararre ya nuna cewa abin da aka yi ya gaza abin da likita mai hankali zai yi a irin wannan hali. Samun likitan da zai yi magana a kan abokin sana'arsa shi ne mafi wuyar aikin, don haka duk lauyan da ya yi muku alkawarin miliyoyi bai ko buɗe fayil ba, ku yi masa godiya ku tashi.

Akwai kuma Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, MDCN, wadda take karɓar koke cikin takardar rantsuwa. Tana iya dakatar da likita ko ta soke sunansa daga rajista, amma ba ta yanke diyya. Wannan aikin kotu ne.

Maganar kuɗi kuwa a rubuta ta tun ranar farko, ko biya za ku yi ko kaso zai ɗauka idan an yi nasara, tare da fayyace wanda zai ɗauki nauyin likitan shaida. Wanda ba shi da hali ya fara da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, ko ya nemi reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Zariya su nuna masa wanda ya taɓa riƙe irin wannan ƙara.