Asubanci a lambun Kawu

Ban zo Kano don ƙwari ba. Biki ne ya kawo ni daga Zariya a ƙarshen watan Satumba, na sauka a tashar Unguwa Uku da la'asar, na hau adaidaita sahu muka bi ta Dangi da Ƙofar Nasarawa, sai Kurna inda Kawu yake. Da dare muna cin tuwo ya ce in ina son kabewar tsaraba, to in tashi da wuri in raka shi lambu.

Muna idar da sallar asuba muka hau babur ɗinsa zuwa Kwakwaci. Wanda bai san wurin ba ba zai yarda a tsakiyar gari ake wannan noma ba. Gidaje ta kowane ɓangare, jirgi na sauka can filin Malam Aminu Kano, ga kuma fangalan alayyafo da latas a jere bakin ruwa. Warin ruwan kuwa, a bar zancen.

A gefen gonar Kawu kabewa ta yi yaɗo, furanninta rawaya sun buɗe baki kamar kakaki. Ya ce in duba da kyau. Na duba, sai na ga kusan duk furen da na ɗaga an yi masa giɓi. Wani an cinye gefensa, wani an rarake shi har gindi. A cikin ɗaya na tarar da masu aikin su uku, ƙwari dogaye baƙaƙe masu ratsin ja, suna ci ba ko alamar tsoro.

"Ka ga ɓarayina," in ji Kawu. "Ganye bai dame su ba, fure suke so."

Kabewa fure iri biyu take yi a jiki ɗaya, namiji da mace. Macen ana gane ta da ɗan ƙullutu a gindi, shi ne zai zama kabewar. Amma ba zai girma ba sai garin furen namiji ya iso gare shi, kuma garin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Ƙudan zuma ne ɗan aike. Ya shiga namiji ya sha ruwan zaƙi, ya fito jiki duk rawaya, ya faɗa cikin macen. Shi ya samu abin kai wa amya, ita ta samu ɗa. Lokacin cinikin kuma gajere ne, don furen safiya ɗaya yake yi, kafin azahar ya rufe, ya rufe ke nan.

Na tsuguna na yi ta kallo wajen rabin awa, har Kawu ya fara yi mini dariyar ɗan boko. Ƙudan zuma zai taho, ya yi shawagi a kan furen da aka yaga, ya wuce wanda yake lafiya. Ba kullum ba, amma ya yi yawa a ce dace ne. Da launi da ƙamshi fure yake kiran baƙonsa, idan an cinye alamar kamar shago ne aka cire wa allo. In kuma ƙwaron ya kai ga cinye garin, ko zuman ya shiga hannu wofi zai fito. Kawu ya tsinko mini ƙullutu guda da ya yi rawaya ya yanƙwane. Ya ce duk wanda bai samu baƙo ba haka yake faɗuwa.

Na ce, "To Kawu, ba sai a yi feshi ba?"

Ya girgiza kai. Ya ce shekarar da ya yi feshi da safe, ƙwarin sun mutu, zuman ma ya mutu, yaɗo ya yi kore shar, 'ya'ya kuwa na ƙirge. Yanzu da hannu yake tsince su, ya sa leda a hannun, ya zuba su a gwangwani mai ruwan omo. Ranar da zuma ya yi ƙaranci kuma, sai ya tsinko namijin fure, ya yaye masa riga, ya goga a cikin macen. "Ni ne waliyyi, ni ne liman," ya ce.

Wake ba shi da wannan matsalar ta jiran baƙo, don yawanci furensa shi ke barbarar kansa. Abokiyar gabarsa tsutsar nan ce mai shiga fure da kwanso, wadda saboda ita cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T a 2019. Kabewa da kankana da gurji kuwa, ba su da yadda za su yi sai da zuma.

Abin da ya ɗaure wa Kawu kai shi ne da na gaya masa 'ya'yan irin wannan ƙwaro a ƙasa suke rayuwa, kuma da yawansu ƙwan fara suke ci. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato uba ɓarawo, ɗa maigadi." Bai dai fasa jefa su a gwangwani ba.

Muna shirin tafiya na ji wani abu na tafiya a wuyana, na kai masa mari. Kawu ya yi salati. Ashe ƙwaron yana da guba a jiki, kantaridin, wadda ke tayar da fata kamar ƙunar ruwan zafi. Na wanke da sabulu, duk da haka kafin magariba wurin ya ɗuri ruwa. Haka na halarci ɗaurin aure da babbar riga ina karkata wuya, kowa na tambayar ko guga ce ta ƙone ni.

Washegari Kawu ya kai ni tasha da kabewa biyu a buhu. Yaron mota ya ce sai na biya musu kuɗin kaya, muka yi ta ja har aka daidaita, na ɗora ɗaya a cinya har Zariya.