Ranar da banish ya yi min hazo a kan sojoji 40

Jiya na tattara burushina na bar shagon da na yi shekara uku a Yaba, kuma cikin duk abin da ya faru a wurin nan ba wanda ya tsaya min a rai kamar maganar sojoji 40 ɗin nan na watan Yunin bara. Duk wanda ya taɓa fentin ƴan mutum-mutumin wasan tebur, irin na Warhammer ɗin nan masu tsayin milimita 28, ya san me nake nufi in na ce sati biyar na yi a sunkuye a kansu, ƙwayar ido, maɓallin riga, har tsatsar bakin takobi sai da na fitar da burushi mai siririn baki kamar allura.

Mai kayan wani ne a Lekki, Juma'a zai tashi zuwa Ingila, saura kawai a fesa musu banish na gwangwani, ruwan nan da ake rufe fenti da shi a ƙarshe. Ranar Alhamis tun asuba ake ruwa, irin ruwan Legas ɗin nan da ko rigar da ke jikinka ji za ka yi ta yi laima, ga ba wuta, ƙaramin janaretan kuma ba ya ɗaukar esi. Na ce Oga don Allah a bari a kawo wuta, yau ba ranar feshi ba ce. Ya ce shi ba ya biyana albashi don in riƙa duba sararin sama, in fesa yanzu yanzu. Na fesa. Wallahi ko minti biyar ba a yi ba na ga jan alkyabbar ya fara dusashewa, baƙin sulke ya koma toka-toka, duk 40 ɗin kamar an barbaɗa musu garin alabo. Hannuna har rawa yake.

Abin da ya fi min ciwo, a gaban yaran da nake koya wa aiki ya tsaya ya ce ganganci na ne, wai ban iya riƙe gwangwani ba, kuma ya ce zai cire rabin albashina. Ko sau ɗaya bai ambaci cewa na gargaɗe shi ba.

Da daddare na wuce Idi-Araba wajen wani dattijo kafinta da muke sallah masallaci ɗaya, na nuna masa guda ɗaya da na sako a aljihu. Ya juya shi a ƙarƙashin fitila ya ce ɗana ai fentinka na nan lafiya lau, ruwa ne ya maƙale a banish ɗin, mu ma haka kujeru suke mana da damina. Shi ya fahimtar da ni yadda abin yake: idan feshin ya fito sinadarin da ke cikinsa yana tashi da sauri sai wurin ya yi sanyi, danshin iska ya taru a kai kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi take gumi, banish ya bushe ya rufe ruwan a ciki. Ga shi Legas da damina danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100. Sannan shi banish mara sheƙi akwai wani farin gari a cikinsa, shi ke kashe ƙyallin, yana kwanciya a gindin gwangwani, in ba ka girgiza sosai ba ko ka tsaya nesa da yawa ya bushe a iska kafin ya sauka, nan ma fari za ka gani. Na ce Baba to yanzu ya zan yi, ya ce ka bi shi da mai sheƙi.

Na koma shago ƙarfe goma na dare, Allah ya taimake ni an kawo wuta. Na kunna esi na rufe ƙofa, na ɗauko banish mai sheƙi na kamfanin Vallejo na kwalba, da burushi na bi su ɗaya bayan ɗaya, shafa siririya, don mai sheƙin yana cike ƴan ramukan da suke sa haske ya warwatse ya zama fari. Kana shafawa kana ganin jan yana dawowa a ƙarƙashin burushin, ni dai a na farkon sai da na yi hamdala da ƙarfi. Na bar su suka sha iska har asuba, sannan na bi su da mara sheƙi, shi ma da burushi, ban sake taɓa gwangwani ba. 37 suka dawo tsaf. Uku da feshin ya yi musu kauri sai da na wanke fuskokinsu na sake fenti.

Tun daga nan ba na feshi sai na gwada a bayan cokalin roba mai baƙin fenti na jira minti goma. Girgiza gwangwani minti biyu cur da agogo, tazara santimita 20 zuwa 30, shafa biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri. Masu cewa a goga man zaitun, yana ɓoye farin na ɗan lokaci amma ƙura yake kamawa, ni ban yarda da shi ba. Da hunturu kuma ƙurar ce abokiyar gaba, a rufe kaya da kwali har su bushe. Kuma duk wanda ogansa ya tilasta masa abin da ya san ɓarna ne, ya tura masa saƙo a WhatsApp ya zama a rubuce, ni da baki na faɗa shi ya sa aka ci ni.

Mai kayan ya zo da rana ya karɓa yana ta yabawa, ina tsaye a wurin Oga ya ce masa ai shi da kansa ya kwana yana duba aikin. Rabin albashin nan har na bar wurin ba a dawo min da shi ba. Ɗan agogon auna danshin da ke rataye a bangon shagon da kuɗina na saya bayan abin ya faru, jiya na cire shi na sa a jakata, yaran kuma na bar musu cokulan roba guda goma da na riga na yi wa baƙin fenti.